Keken ɗinkin fata na nema, firiza aka ba ni

Yau kwana tara ke nan da na dawo daga ofishin gwamnati mai raba tallafin nakasassu, kuma har yanzu in na tuna sai zuciyata ta tafasa. Mma, mahaifiyata, ta ce in bar wa Allah. Na bar wa Allah, amma ba zan yi shiru ba, don shirun da muke yi ne ya sa ake ganin kamar ba ma jin zafi.

Shekarata 36. A zango aka haife ni a nan Kumasi, shan inna ta kama ni ina ɗan shekara uku. In tafiyar kusa ce ina amfani da sanduna da ƙarafan ƙafa da aka yi mini a Nsawam, in nesa ce sai keken guragu. Hannuwana lafiyarsu ƙalau. Takalmi nake yi. Shekara huɗu na zauna gaban maigidana ina koyo, tun daga shafa gam har na iya yanka fata da idona ba tare da na ɓata ko taƙi ɗaya ba. Duk wanda ya san Kumasi ya san garin takalmi ne, daga kasuwar Kejetia ake lodinsa zuwa arewa har ƙetaren iyaka. Kasuwa tana nan, gwaninta tana nan. Abin da ba ni da shi keken ɗinkin fata ne. Duk abin da ke son ɗinki sai na kai wa wani ya ɗinka mini in biya, kuma sai ya gama nasa kafin ya taɓa nawa. Ribar da za ta shiga aljihuna a can take tsayawa.

Akwai kuɗin nakasassu a cikin asusun da gwamnati ke raba wa gundumomi, wanda kowa ke kira Koman Fan. Da kashi 2 cikin ɗari aka fara, daga baya aka kai shi kashi 3. Ba kyautar wani ba ce, rabonmu ne da aka ware da sunanmu. Shekara uku da suka wuce na cika takarda. Inda aka ce a rubuta abin da mutum ke buƙata, na rubuta keken ɗinkin fata. Na haɗa da hoton takalman da na yi, da takardar farashi daga mai sayar da keken.

Ofishin da ake kai takardar a saman bene yake. Matakala 24, na ƙirga su, don a bayan ƙanina na hau kowace ɗaya. Ofishin da aka buɗe domin guragu da makafi, a saman bene! Ina namiji da gemuna, ƙanina da na girme shi da shekara goma ya durƙusa ya goya ni a gaban mutane, mata na kau da kai don kada in ji kunya. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyar ba. Yau a ce mai sa hannu ya tafi taro, gobe a ce kuɗi bai sauko daga Akara ba, jibi a ce takardata ta ɓata sai na sake wata. Kowace zuwa ƙanina ya rasa aikin yini, ni kuma na biya kuɗin faragiya, wato babur mai ƙafa uku na haya, zuwa da dawowa, don yaran turoturo, motocin haya na cikin gari, da sun hango keken guragu sai su ce mota ta cika. Wanda ya yarda ya tsaya kuwa, sai ya ce in biya wa keken kuɗin kujera.

A shekarar 2006 aka yi dokar nakasassu a Gana, doka ta 715. Ta ba masu gine-ginen da jama'a ke shiga wa'adin shekara goma su gyara su yadda irinmu za su iya shiga. Wa'adin ya cika tun 2016. A 2012 ƙasar nan ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin nakasassu. Duk wannan yana rubuce. Ni kuma har yau a bayan ƙanina nake hawa ofishin gwamnati. Ko tebur ɗaya a ƙasa, ƙarƙashin matakalar, da ma'aikaci ɗaya da zai sauko ranar Talata, ya gagara.

Sai watan jiya aka kira ni a waya aka ce sunana ya fito. Daren nan ban yi barci ba. Na riga na share gefen rumfar da zan ajiye keken ɗinkin, har na yi wa wata mai shagon kayan makaranta alkawarin sandal kafin a koma hutu. An ce mu zo ƙarfe takwas. Muka zo, mu wajen sittin, da makafi da kurame da iyayen yara masu lalura. Manyan ba su iso ba sai bayan azahar. Babu ruwa, babu bayan gidan da keke zai shiga. Wata baiwar Allah da ke kusa da ni tun asuba ta ƙi shan komai saboda ta san haka za a yi. Aka yi jawabai. Aka kira sunana. Aka turo mini firiza a cikin kwalinta, aka ce in ɗora hannu a kai in kalli mai hoto.

Na ce wa jami'in cikin yaren Asante, a hankali, da ladabi, ni keken ɗinki na rubuta. Ya ce abin da aka sayo ke nan, in sayar da ruwan leda da ƙanƙara. Na ce ni mai takalmi ne. Ya ce akwai mutane a bayana.

Wa ya tambaye ni? Gidan haya muke, ɗaki ɗaya ni da Mma, mita ɗaya ga gidan gaba ɗaya. Duk wanda ya zauna a irin gidajenmu ya san yadda ake raba kuɗin wuta: a ƙirga ƙwai, a ƙirga fanka, a ƙirga dutsen guga. Ranar da aka shigo da firizar, kafin magariba an riga an aiko mini cewa in na jona ta rabona zai ninka. A layinmu kaɗai mata uku ke sayar da ruwan sanyi, kuma su suna iya ɗauka a ka su bi tasha. Ni in zauna in yi takara da su a kan abin da ban iya ba, in bar abin da na kashe shekara huɗu ina koyo? Da wani ya zo gidanmu sau ɗaya ya duba, minti goma sun ishe shi ya gane. Babu wanda ya zo kafin a saya, babu wanda ya zo bayan an raba.

Abin da ya kai ni ofishin kwana tara da suka wuce ke nan. Na roƙi a karɓi firizar, ko kwalinta ban buɗe ba, a ba wanda ke so, ni a musanya mini. Aka ce an rufe lissafi. Aka ce na riga na amfana, sai in jira sauran su samu. Aka kuma gargaɗe ni kada in kuskura in sayar. Wato a littafinsu an taimake ni an gama, an ja layi a kan sunana, ni kuma ina nan inda nake shekara uku da suka wuce, sai dai yanzu da ƙaton kwali da ya tare mana hanyar shiga ɗaki.

Kada wani ya ce ban nemi aikin albashi ba. Na nema. Wani kamfanin takalma ya sa sanarwa, na je da samfurin aikina a leda. Mai wurin ya juya takalmin, ya duba ɗinkin, ya ce aiki ya yi kyau. Sannan ya kalli ƙafafuna, ya zaro kuɗi ya ce in hau mota, za su kira ni. Ban karɓa ba, kuma bai kira ba. Aikin nan a zaune ake yinsa, duk ma'aikatansa a zaune na same su. Ita dokar ta 715 ta ce wanda ya ɗauki nakasasshe aiki za a yi masa rangwamen haraji, amma ban taɓa haɗuwa da mai shago ko ɗaya da ya san da wannan ba, don babu wanda aka ɗora wa alhakin zuwa ya gaya musu. Wurin da aka san ana ɗaukar irinmu da yawa shi ne rumfunan karɓar kuɗin hanya, su ma a watan Nuwamban 2021 aka dakatar da karɓar kuɗin a rana ɗaya, mutane suka wayi gari ba aiki.

Ƙidayar 2021 ta nuna kusan kashi 8 cikin ɗari na 'yan ƙasar nan masu shekara biyar zuwa sama suna da wata lalura, a gani ko ji ko tafiya ko makamancinsu. Mutum sama da miliyan biyu. Ba za a sallami miliyan biyu da firiza da injin gugguru ba.

Abin da muke buƙata ba baƙon abu ba ne a zango. Yaya baƙo ke samun gindin zama a nan tun zamanin fataken goro? Maigida ne ke karɓarsa, ya ba shi masauki, ya kai shi wurin mai sana'a ya ce wannan nawa ne, na tsaya masa. In an samu saɓani maigida ke shiga tsakani, har baƙo ya tsaya da ƙafarsa. To irin wannan mutum muke so, wanda aikinsa ke nan kuma ake biyansa a kai: ya san abin da na iya, ya san mai shagon da ke neman hannu, ya haɗa mu, ya ce a sauke wannan teburin, a zuba siminti a bakin ƙofar nan, sannan ya riƙa leƙowa. A gidanmu akwai wani saurayi mai shekara ashirin da wani abu, fahimtarsa na da jinkiri, amma in ka nuna masa abu sau uku ba ya sake kuskure. Gidan burodi zai iya aiki, ya jera, ya ƙulla leda, ya share. Abin da ya rage masa mutum ɗaya ne da zai tsaya kusa da shi wata guda har ya saba, ya kuma hana yara tsokanarsa. Babu. Uwarsa kulle shi take yi a ɗaki in za ta kasuwa, tana kuka tana kullewa.

Na karanta labarin Ed Roberts na Amurka, shi ma shan inna ce ta kama shi, har numfashi sai da na'ura. Abokan gwagwarmayarsa suka kafa cibiyar zaman kai ta nakasassu a Berkeley a 1972, daga baya ya shugabance ta, kuma su da kansu suke tafiyar da ita. Abin da ya tsaya mini a rai ke nan, su ke faɗin abin da suke so. Da a kwamitin da ya sayo firizar nan maganar nakasassu ce ke da nauyi, da ba a kai ga haka ba.

Sai maganar ɗaki, wadda ta fi ci mini rai. Ina son in yi aure. Akwai wadda ta yarda da ni, iyayenta ma ba su ƙi ba, sharaɗinsu ɗaya ne: ina za ka ajiye ta? Dokar haya ta 1963 ta ce kada a karɓi fiye da kuɗin wata shida a gaba, amma je ka nemi ɗaki a Kumasi ka ji, shekara biyu ake cewa. Ko na haɗa kuɗin, sai ɗakin ya zama wanda zan iya shiga. Wani gida sai ka tsallake kwata a kan katako ɗaya. Wani lungun keke ba ya wucewa. Yawanci babu bayan gida a ciki, sai na kuɗi a bakin hanya, mai matakala da ramin tsuguno, ƙasa jiƙe. Ku yi tunanin mai jan jiki da hannu a irin wannan wuri, da damina, da tsakar dare. Wani mai gida kuwa a fuskata ya ce ba ya son abin da zai zame masa nauyi. Kuɗina a hannuna ya faɗi haka.

Mma ta haura saba'in. Ita ke ɗebo mana ruwa in famfo ya ɗauke. Wani dare na ji tana addu'a a hankali, wai Allah kada ya ɗauki ranta sai ta ga na samu wurin kaina. Ni ya kamata in riƙe ta yanzu.

Mu ma mutanen zango ina da magana da mu. Ranar Juma'a in na tsaya bakin titi ina jiran abin hawa, sai in ji an jefo mini tsaba a cinya, ba sallama, ba tambaya. Na san niyyar lada ce. Amma Alhaji, da ka tambaye ni, da na nuna maka takalmin da ke ƙafar ɗanka irinsa nake yi, ka saya a wurina. Sadakar da ake warwatsawa a ƙofar masallaci wata ɗaya, in an tara ta, ta sayi keken ɗinki ta ɗauke mutum daga titi har abada. Masallatanmu sababbi ana ta ɗora bene da tayil mai santsi, ba a tuna da mu sai mun zauna a waje cikin rana. Kowa ya san Abdullahi ɗan Ummi Maktum makaho ne, amma ladanci yake yi, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sha barin Madina a hannunsa in zai yi tafiya. Aiki aka ba shi, amana aka ba shi. A ƙasar nan tun 1969 akwai dokar da ta hana bara, sannan duk ƙofar da ba ta bara ba an sa mata matakala.

Firizar tana nan a zaure cikin kwalinta, Mma ta lulluɓe ta da tsohon zane saboda ƙura. Mai shagon kayan makaranta ta ba wani aikin. Na sake rubuta takarda, na yi kwafi uku, ɗaya zan kai wa ƙungiyarmu ta nakasassu, ɗaya ga ɗan majalisar unguwarmu. Ta ukun ranar Litinin zan kai ofishin da hannuna. Na riga na gaya wa ƙanina ya nemi izini a wurin aikinsa, don matakalar nan 24 tana nan yadda take.