Notin da ya cije a injin kwale-kwale

Wallahi babu abin da ke ci mini rai a gyaran injin kwale-kwale kamar notin da ya cije. Masunci zai kawo Yamaha ɗinsa daga madatsar Dadin Kowa, ya ce, "Maigida, ba ya fitar da ruwa, ɗan duba mini." Aikin ba wuya, a sauke ƙasan injin a canza robar famfon ruwa. Amma ka ɗora sifana, noti ko gezau.

Notin ƙarfe ne, jikin injin kuma alminiyam. Da ruwa ya shiga tsakaninsu, alminiyam ɗin ke cinyewa, ya koma wani farin gari ya cika ramin, ya riƙe notin gam. Injinan gwanjo da suka sha ruwan gishiri kafin su iso Gombe sun fi kowane muni.

Sai ka zuba man birki ko kananzir, ka jira, ka bubbuga kan notin da guduma. Ka gasa gefen ramin, don alminiyam ya fi ƙarfe buɗewa da zafi, amma da hankali kada robobi su ƙone. Ka murɗa gaba kaɗan, baya kaɗan. Ka yi garaje, kan ya ɓalle ya bar gindi a ciki, sai neman mai walda. Bawan Allah yana tsaye, kamun yau ya wuce shi, ga iyali na jira.

Kuma wanda ya buɗe injin a baya ne ya mayar da notocin a bushe. Nawa ne giris, don Allah?