Asusun gidanmu da ƙusar kafinta

Wallahi har yanzu in na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi. Kun dai san tun da aka cire tallafin mai a 2023 albashi ya koma ruwa a kwando, kafin goma ga wata an nemi labarinsa an rasa. To ni ne nan na tara iyalina a tsakar gida na yi musu huɗuba, a dole na zama masanin tattali. Na sayo ambulan biyar na rubuta a bayansu, cefane, kuɗin makaranta, wuta da ruwa, asibiti, sai na ko-ta-kwana. Na soke anko, na ce gudummawar biki ba za ta wuce dubu biyu ba ko 'yar sarki ake aurarwa. Maman Abba ta ce to Allah ya ba da iko, da irin muryar nan tata da kuka sani. Sannan na sa aka ƙera asusun katako, duk mai ragowar canji ya jefa, ba za a fasa ba sai azumi ya matso a je Dawanau a auno gero da wake, a biya Singa a ɗauko sukari.

Kafintan nan kuwa ku bar ni da shi. Dubu uku da ɗari biyar ya caje ni a kan akwatin da bai fi kwalin takalmin yara ba, sati biyu yana min gobe jibi, kuma ranar da na je karɓa shi da kansa ya kifa akwatin ya nuna min wata ƙusa a gindi ya ce Alhaji wannan ban buga ta sosai ba, saboda halin rayuwa. Ni na tambaye shi? Mutum yana zaman zamansa da kyakkyawar niyya ka zo ka nuna masa ƙofar baya. Bencin da ya yi wa masallacin layinmu ma har yau rawa yake, babu mai zama a kai sai baƙo.

Farkon ɗauka dai mai ne ya ƙare min a mashin, wannan ko a gaban alƙali lalura ce. Na biyu data. Daga nan kuma ƙusar ta saba, da farce ma fita take. Amma da yake ni mutum ne mai tsari ban taɓa ɗauka ban rubuta ba, sai in yagi takarda in sa adadi da dalili in sa hannu in jefa ciki, da niyyar in albashi ya shigo in mayar in kwashe takarduna babu wanda ya ji babu wanda ya gani.

Saura kwana uku azumi, albashi shiru. Na dawo da la'asar na yi sallama sai ga tabarma an shimfiɗa, Hajiya na zaune, Gwaggo na gefenta, ga ƙanwar Maman Abba da wayarta, ga asusu a tsakiya kamar amarya, har guduma an aro a maƙwabta. Wai Maman Abba ce ta gayyato su su zo su ga albarkar tsarin maigida. Na ce ai da an bari sai gobe, fasa asusu da yamma ba kyau. Gwaggo ta ce ita shekararta saba'in ba ta taɓa jin wannan camfin ba. Abba ya ɗaga ya girgiza ya ce Baba ba nauyi, uwarsa ta ce ai duk 'yan dubu-dubu ne shi ya sa.

Bugu ɗaya gindin ya fita, don dama ƙusar ta gaji. Takardu suka watse a tabarma. Hajiya ta ja ƙafarta ta ce innalillahi, layu ne? Abba kuwa, yaron da nake biya wa kuɗin lesin don karatunsa ya gyaru, ranar ce karatun ya tashi gyaruwa. Ya ɗau ɗaya ya miƙe tsaye kamar a asambuli, bashi dubu biyu, balangu, zan mayar in sha Allahu, sa hannu Baba. Tsit. Hajiya ta ce balangun ina, an kawo gidan nan? Maman Abba ta ce a'a Hajiya, watan ne muka yi sati muna miyar kuka ba nama saboda ambulan ɗin cefane ya ƙare. Ya ɗau ta biyu, dubu ɗaya, gidan kallon ƙwallo da lemo. Ta uku balangu. Ta huɗu an rubuta gaggawa kawai, Gwaggo ta ce wace gaggawar, yaron ya juya bayan takardar ya ce shayi da ƙwai uku. Ni ban ma san na rubuta a baya ba. Na ce Abba je ka ɗebo wa su Hajiya ruwa, Hajiya ta ce ba ma jin ƙishi, ci gaba.

Takarda goma sha bakwai ya karanta, ƙanwar matata na dannawa a waya ba wanda ya sa ta, ta ce dubu talatin da takwas da ɗari biyar. Tsabar kuɗin da aka samu dubu huɗu da ɗari uku da hamsin, har da wata ɗari biyu da aka liƙe da salatif. Hajiya ta dube ni ta ce ita tun canjin kuɗin 2023 ta daina yarda da asusu, ashe gwamnan babban bankin ma a cikin gida yake. Gwaggo ta yi dariya har sai da aka bubbuga mata baya.

Geron dai da kuɗin adashin Maman Abba aka auno, adashin da na ce a huɗubata ba tsari ba ne. Ambulan biyar ɗin yanzu suna cikin jakarta, ni kuma kullum da safe a miƙo min dubu ɗaya da ɗari biyar na mai, in na dawo a tambayi canji. Jiya na wuce ta gaban kafintan ya ɗago min hannu wai Alhaji ya asusu, ko za a yi wani. Ban kula shi ba, dama mashin ɗin ma a lokacin turawa nake.