Gawar soja ba abin gardama ba ce

'Yan'uwana matasan Maradi, da zarar an ce an kashe mana sojoji, tun kafin a yi musu sutura gardama ta kaure a fada, wato majalisar shan shayi, da WhatsApp: shugaban ƙasa ya je jana'iza ko bai je ba? Wannan ya ce dole ne, wancan ya ce aiki ya yi masa yawa.

Ni dai ina tare da masu cewa ya je. Wanda da umarninsa aka tura ɗan mutane daji, shi ya fi cancanta ya tsaya a kan gawarsa. A ofis adadi kawai ake kai masa a takarda, a filin jana'iza kuwa zai haɗa ido da uban mamaci. Kun tuna harin Inates, ranar 10 ga Disamba 2019, da aka kashe sojoji 71. Shugaban ƙasa na lokacin, Mahamadou Issoufou, yana Masar, ya katse tafiyarsa ya dawo, ya tsaya a sansanin sojan sama na 101 a Yamai, gawawwaki jere a lulluɓe da tutar ƙasa. Ya kyauta. Amma ranar 9 ga Janairu 2020 aka sake kashe 89 a Shinagodar. Kun ga ke nan zuwa jana'iza bai hana ta gaba. In za ku tuhumi mai mulki, kowane ne, ku haɗa da tambayar kayan aikin waɗanda ke raye, da haƙƙin marayun waɗanda suka tafi.

Inda nake da magana da ku shi ne halinmu mu kanmu. Wani bai taɓa yi wa soja addu'a ba, amma yana jin an mutu sai ya samu sandar dukan wanda ba ya so. Wani kuma don ya kare gwaninsa sai ya ce ai soja dama don mutuwa ya ɗauki kaki. Subhanallahi! Mafi muni, masu tura hoton gawa daga rukuni zuwa rukuni, jini a fuska, suna a ƙirjin riga, alhali ba a ma sanar da gida ba. Ka yi tunanin mahaifiya a Bagalam ta karɓi wayar ƙaramin ɗanta, ta ci karo da babban a kwance. Ku ji tsoron Allah, ku daina.

Da Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya yi shahada a yaƙin Mu'uta, shekara ta 8 bayan hijira, Manzon Allah (SAW) da kansa ya je gidansa, ya rungumi 'ya'yansa, sannan ya ce a yi wa iyalan Ja'afar abinci, don abin da ya shagaltar da su ya same su. Shugaba ya je, jama'a kuma aka ba su nasu aikin. Mu mun riƙe rabin farko muna ta hayaniya, na biyun mun yi kamar ba mu ji ba.

Sojan nan, ko jandarma, ko ɗan garda da ya faɗi yana bin sawun ɓarayin mutane ta wajen Madarunfa ko Gabi, gidansu yana cikin unguwarku. Ranar sadakar uku tabarma ba ta isa. Ku bari sai an yi arba'in, 'yan zaman makoki sun watse, matarsa tana cikin takaba ba ta fita kasuwa, ku leƙa. Kuɗin shayi da sukari na mako guda, in fada ta haɗa, sun sayi tiyar gero da sabulu. Wanda ya yi boko a cikinku ya raka tsohon nan ofis da takardun neman haƙƙin ɗansa, don shi ba ya karanta faransanci, kuma sai an yi ta kai da komo kafin a sa hannu.