An rage wa magina haƙƙinsu

Labarin nan na 'yan tsibiran Hawai na Amurka da ke aiki tare da masu bincike a tsohon tafkin kifi na He'eia ya burge ni, sai dai an cika yabon masana, an manta da magina. Katangar da ta kewaye tafkin ta kai kusan kilomita 2, duwatsu aka jera ba siminti, shekara 600 zuwa 800 da suka wuce. Ga dabarar ƙofofinta: ƙananan kifaye su kutsa ta tsakanin sanduna, su yi ƙiba, fita ta gagara. Ambaliyar 1965 ta fasa katangar, sai a 2015 jama'ar wurin suka toshe ɓarakar da hannunsu. Don Allah a jiyo mana ta bakin dattawansu mana!