Kafin yaro ya koyi kayarwa, a koya masa faɗuwa

A nan Faransa da wuya ka shiga gari, komai ƙanƙantarsa, ka rasa ɗakin koyar da judo, wani salon kokawa na Japan. Ranar Laraba da rana, lokacin da yawancin makarantun firamare ba karatu, iyaye ke kai 'ya'yansu, wasu ma ba su wuce shekara biyar ba. A Katsina kuwa, da uba ya ji ɗansa na zuwa koyon faɗa, abin da zai faɗo masa a rai shi ne yaron ya kama hanyar shiga ƙauraye. Ban ga laifinsa ba, don bai taɓa ganin an yi abin da tsari ba. Gwaninta dai muna da ita: ga kokawa, ga dambe, ga langa, wadda ke koya wa yaro tsayuwa da ƙafa ɗaya ana bangazarsa. Tsarin ne Turawa suka fi mu.

Makonnin farko a judo, faɗuwa ake koya wa yaro. Zai kwanta rigingine, ya manna haɓarsa a ƙirji, ya bugi ƙasa da tafin hannu da damtse gaba ɗaya, hannun a ɗan ware daga jiki. In ya iya a kwance sai ya yi daga zaune, sannan daga tsugune, sannan daga tsaye. Manna haɓar ce ke hana ƙeya dukan ƙasa, bugun hannun kuma ya rage nauyin da baya zai ɗauka. Yaron da ba a koya wa haka ba, da ya ji zai faɗi sai ya miƙa hannu ya dogara, a nan ake samun karayar tsintsiyar hannu, ko gocewar gwiwar hannu, ko karayar ƙashin kafaɗa. A garin da yara ke hawa babur uku-uku a bayan yayyensu, wannan darasin kaɗai ya isa a kai yaro.

Sauran amfanin a hankali yake fitowa. Yaron da aka kayar sau goma a rana ɗaya, ya tashi ya ba abokin karawarsa hannu, ya fara sanin yadda ake haɗiye fushi. Mai rawar kai yana koyon tsayawa cak da malami ya ce a tsaya. Mai noƙe-noƙe, wanda ake ƙwace wa kuɗin tara a makaranta, shi ya fi kowa canzawa, don ya daina tsoron a riƙe shi.

Kada a ɗauka sunan judo ne ke kare yara. A Japan aka haifi wasan, Jigoro Kano ya kafa shi a 1882, amma daga 1983 zuwa 2011 ɗalibai sama da 100 suka rasu a judon makarantun ƙasar, yawancinsu ta buguwar kai, da dama kuma sababbin shiga ne da aka haɗa da waɗanda suka fi ƙarfinsu tun ba su iya faɗuwa ba. Faransa tun 1955 ta yi dokar cewa ba mai koyar da judo ya karɓi kuɗi sai da takardar shaida. Shaƙewa da murɗe gaɓa kuma an hana wa ƙananan yara. A 2022 hukumar judo ta Japan ta soke gasar ƙasa ta ɗaiɗaikun 'yan firamare, saboda manya sun mayar da ita a-mutu-ko-a-yi-rai.

Shi ya sa ban goyi bayan dambe ga yara ba, duk da ƙaunar da nake masa. Dambe wasan neman kisa ne, wato kai abokin karawa ƙasa da naushi, hannu a naɗe da zare, kai ake hari. Ƙwaƙwalwar ɗan shekara goma ba ta gama ginuwa ba, kuma bugu na biyu kafin na farko ya warke shi ne mai haɗarin gaske. A bar dambe ga manya da suka zaɓa da hankalinsu. Kokawa ita ce ta yara. Maƙwabtanmu na Nijar sun riƙe ta har da gasar ƙasa da ake ba zakaranta takobi tun 1975, kuma Abdoul Razak Issoufou Alfaga ya ciyo musu azurfa a taikwando a gasar Olamfik ta 2016. Daga Daura zuwa iyakar Kongolam ai taku kaɗan ne, ba sai mun je Turai neman misali ba.

Katifun judo, masu mita biyu a tsawo da mita ɗaya a faɗi, tsada gare su. Yashi ya wadatar. A haƙa fili, a zuba yashin rafi mai zurfin taƙi ɗaya ko fiye, a tankaɗe shi a fitar da tsakuwa da ƙaya da fasassun kwalabe. Kafin kowane zama a kafce shi da manjagara, don yashin da aka daɗe ana tattakawa yana daskarewa, a yayyafa ruwa saboda ƙura, musamman da hunturu. Sau biyu a mako ya isa, Alhamis da Juma'a bayan la'asar, tunda ba makarantar allo, rana kuma ta yi sanyi. Awa ɗaya: minti goma na ɗumama jiki da gudu da langa, sha biyar na faɗuwa, ashirin na koyon kamu ɗaya tak, goma na karawa, sauran a huta. A sha ruwa a tsakani, a watannin zafi kusan kowane minti sha biyar.

Haɗa yara da nauyi ake yi, shekaru kaɗai ba sa isa. 'Yan shekara tara biyu, wani na iya ɗara wani da kilo goma. A yanke farce, a cire zobe da laya da duk wani abu mai ƙarfe. Mai makero ko ƙazuwa ya zauna gida har ya warke, in ba haka ba cikin mako biyu sai ya rarraba wa kowa. Mai sikila ko asma ko farfaɗiya sai likita ya amince. 'Yan mata a ware musu lokaci da malama mace. Iyayen da rusunawar judo da karate ke damu, musabaha ta tsaya a madadinta, ba abin da ya ragu.

Baba, in za ka kai ɗanka, je ka zauna ka ga zama ɗaya da idonka tukuna. Malamin da ke riƙe da bulala, ko yake sa manya su kayar da sabon shiga wai don ya yi tauri, ko yake rataye da baƙar ɗamara, alamar ƙwarewa a judo, amma ya kasa faɗin wanda ya ba shi, ɗauki ɗanka ku tafi. In kuma yaro ya bugu a kai, ya fita daga fili a ranar ko da ya ce lafiyarsa lau. Amai, jiri, ciwon kai mai ƙaruwa, rikicewar magana ko barcin da ba na lokaci ba, asibiti za a nufa a daren, kada a tsaya shafa man zafi a jira wayewar gari.