Ke sai namiji ya ce kina da kyau sannan za ki yarda?

Jiya da daddare na shiga ɗakin ƙanwata na same ta tana share hawaye da waya a hannu, gabana ya faɗi na ɗauka rasuwa aka yi, ashe wai littafi take karantawa. Na turanci ne, irin labaran soyayyar 'yan Amish ɗin nan. Yarinyar labarin tana da tabon ƙuna a kunci, ta haƙura da aure, sai wani kafinta ya zo ya ce shi ita yake so a haka. Ƙanwar tawa ta dube ni ta ce "Yaya, ni ma irin wannan nake jira, wanda zai sa in ji ni ma mutum ce." Wallahi raina ya ɓaci. Wato kafin ya zo ke mece ce, kujera?

Ga wanda bai san su ba, Amish wasu kiristoci ne da suka ɓalle a 1693 ƙarƙashin wani Jakob Ammann mutumin Suwizalan, daga baya suka yi hijira zuwa Amurka, yanzu sun haura mutum dubu 400, akasarinsu a Pensilbaniya da Ohayo da Indiyana. Keken doki suke hawa, ba sa jawo wutar lantarki gidajensu, karatun boko daga aji takwas an gama, har kotun ƙolin Amurka ta amince musu da hakan a 1972. Matansu ba hoda ba jambaki ba ɗan kunne, ko zoben aure ba sa sawa, riga ce mai launi ɗaya da 'yar hula a ka, kuma ba sa tsayawa a ɗauke su hoto don suna ganin hanyar girman kai ce. To wannan ita ce yarinyar da kike wa kuka, ke da hoto ɗaya sai kin ɗauka sau ashirin kin danna masa filta har hancinki ya koma na wata, ranar nan hoton 'yar maƙwabtanmu na gani a Facebook na wuce ban gane ta ba, yarinyar da aka yi sunanta a gabana. Zanen aro dai ba ya rufe katara.

Abin da ke ƙona min rai kenan 'yan uwana mata, wannan raina kai da jiran wani ya zo ya buga miki hatimi. Baƙa ta ce sai ta yi fari, ta dinga shafe-shafe har gwiwa da 'yan yatsu su tona mata asiri. Siririya tana shan maganin ƙiba, mai jiki tana kwana da yunwa, wadda ta kai talatin ba aure ta daina zuwa biki don kar a tambaye ta. Su ma masu tambayar Allah ya shirye su, mace ta zo cin shinkafar biki ta koma alƙaliyar auren 'ya'yan mutane, nata gidan kuwa yana ci da wuta. Samarin kuma da ake wannan wahalar dominsu rabinsu suna can bakin titi suna cacar ƙwallo a waya. Son maso wani ƙoshin wahala.

Kuma ku sani yawancin masu rubuta littattafan nan ba Amish ba ne, matan Amurka ne 'yan cocin bishara da ke rubuta wa 'yan uwansu mata da suka gaji da hayaniyar zamani, sun ari hula da keken doki sun zuba nasu mafarkin a ciki. Su Amish ɗin na gaske abin da suke koya wa yaransu shi ne ƙanƙan da kai da miƙa wuya ga Allah da jama'a, kuma rayuwarsu ba zuma ba ce, wanda ya yi baftisma ya karya doka ana iya ƙaurace masa har danginsa su daina cin abinci tare da shi a teburi ɗaya. Amma a littafi dole babin ƙarshe kafinta ya iso, don in bai iso ba wa zai sayi na gaba? Namu na soyayya ma haka suke, sai dai mu ɗan mai kuɗi ne ke zuwa da mota. In naki kafintan ya makara fa, ko bai zo ba sam, haka za ki ƙare kina ƙin madubi? Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Ku dai gyara, ku koma ku san darajar kanku.

Kakarmu Allah ya jiƙanta da zanen fuska da giɓi ta rayu, kwalli da lalle da man shanu su ne duk kwalliyarta, ban taɓa jin ta tambayi kowa ko tana da kyau ba, in ta shigo tsakar gida kowa sai ya gyara zama. Irin matan nan sun ƙare. Duk na faɗa wa ƙanwar tawa wannan, ta ce "to Yaya na ji", yau da safe na duba na ga ta canza hoton WhatsApp, fara sol kamar balarabiya.