Karon da babu wanda ya taɓa wani

Jama'a duk wanda ya tashi hirar sararin samaniya sai ya jawo mana baƙin rami, kullum baƙin rami, ni kuwa wallahi abin da ya fi tsaya min a rai daban ne kuma ba a cika zancensa ba: bangon da ƙwayoyi ke haɗawa a sararin samaniya ba tare da sun yi karo da juna ba.

Kun san ƙarar nan da ake ji in jirgin yaƙi ya zarce gudun sauti, ƙwayoyin iska ne ke bangazar juna har su taru su zama kamar bango. To can sama fa? Iskar da rana ke fesowa tana gudun wajen kilomita 400 a daƙiƙa ɗaya amma a warwatse take ƙwarai, furoton (ɗan mitsitsin ƙwaya mai caji da ke cikin iskar) ɗaya sai ya yi tafiyar da ta kai daga rana zuwa duniya bai yi karo da ɗan'uwansa ba, kuma duk da haka bangon na nan a gaban duniyarmu, nisan kusan kilomita 90,000. Wa ya tare su? Maganaɗisu.

Inda abin ya fi burge ni ma shi ne ko babu maganaɗisun tun farko sai ya haifi kansa. Erich Weibel ya nuna hanyar a 1959: in ayarin ƙwayoyi biyu masu caji suka ratsa juna sai su rarrabu sili-sili kamar zare, kowane zare lantarki ne ke gudu a ciki, lantarkin ya haifar da maganaɗisu, shi kuma ya ƙara tattaro ƙwayoyi cikin zaren, haka dai har hanya ta toshe.

Sai batun gudu. Enrico Fermi ya kawo tunanin yadda maganaɗisu ke ƙara wa ƙwayoyi gudu a 1949, aka gyara shi a 1977 da 1978. Ƙwaya ta tsallake bangon, maganaɗisu ya dawo da ita, ta sake tsallakawa, kowane zuwa da dawowa tana ƙara ƙarfi. A 2004 Tony Bell ya ce ai ƙwayoyin da ke tserewa daga bangon ma su ne ke ƙarfafa maganaɗisun da ke kamo su. Kai!

Kuma ba lissafin takarda ba ne kawai. Tauraron da aka ga fashewarsa a 1006, a 1995 tauraron ɗan'adam na Jafan mai suna ASCA ya hango shaidar ilektaron (ƙwayoyin da ke ɗauke da lantarki) masu mugun ƙarfi a gefen ɓurɓushinsa, inda irin wannan bangon yake, ƙarfin da ya zarce abin da injin CERN, cibiyar binciken ƙwayoyi da ke Turai, ke ba furoton.

Shi ya sa nake jin haushi in aka ce gwajin da ake yi da leza (haske mai tsananin ƙarfi) ɓarnar kuɗi ne. Ba mai iya aika na'ura cikin tauraron da ya fashe, amma a 2020 masu bincike suka sanar cewa a NIF, wata babbar cibiyar leza da ke Kalifoniya, sun haɗa ɗan ƙaramin bangon nan a ɗakin gwaji, suka auna ilektaron ɗin da ya cilla.